Wasan L.A. Noire: Ana iya gane maƙaryaci daga fuskarsa?

Tun bayan fitowarsa a watan Mayun 2011, wasan bidiyon nan na binciken manyan laifuka mai suna L.A. Noire yake raba kawunan masu buga shi, kuma har yanzu muhawarar ba ta lafa ba.

Wasu na yaba masa a matsayin ɗaya daga cikin wasanni ƙalilan da suka fifita lura da nazari a kan harbe-harbe. Wasu kuwa cewa suke yi wasan ya yi musu alkawarin zama 'yan sandan ciki, amma ya ɓuge da mayar da su 'yan rakiya.

Taƙaddamar dai ta ta'allaƙa ne a kan tambayoyi biyu. Shin ana iya gane maƙaryaci ta hanyar kallon fuskarsa? Sannan mene ne amfanin bincike, idan har labari zai ci gaba da tafiya ko mai binciken ya yi daidai ko ya yi kuskure?

Abin da wasan ya ƙunsa

Kamfanin Team Bondi na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya ne ya ƙirƙiro wasan, a ƙarƙashin jagorancin Brendan McNamara, yayin da kamfanin Rockstar Games na Amurka, wanda ya yi suna da jerin wasannin Grand Theft Auto, ya fitar da shi kasuwa. An shafe kimanin shekaru bakwai ana aikinsa.

An gina labarin ne a birnin Los Angeles na shekarar 1947, wato shekaru biyu bayan kammala Yaƙin Duniya na Biyu. Mai buga wasan yana tsayawa ne a matsayin Cole Phelps, wani tsohon sojan Amurka da ya samu lambar yabo a gumurzun Okinawa, ya dawo gida ya shiga aikin ɗan sanda.

Phelps yana farawa ne da sintiri a kan titi. Daga nan sai a ƙara masa girma zuwa sashen laifukan da suka shafi motoci, sai sashen kisan kai, sai na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kafin ya ƙare a sashen binciken gobarar ganganci. Jimillar bincike 21 ne a cikin ainihin labarin.

Kusan kowane bincike tsari ɗaya yake bi. Mai wasan zai je inda aka aikata laifin, ya duba gawa idan akwai, ya ɗauki abubuwan da ya gani a wurin, kamar kwalin ashana ko rasidi ko zobe, ya jujjuya su ko zai ga wata alama. Duk abin da ya gano yana shiga cikin ɗan littafin aljihun Phelps.

Bayan haka sai a zo ga yi wa shaidu da waɗanda ake zargi tambayoyi. Da zarar mutum ya ba da amsa, mai wasan yana da zaɓi uku: ya yarda cewa gaskiya aka faɗa masa, ko ya nuna shakka, ko kuma ya ƙaryata mai maganar kai tsaye. Idan ya zaɓi ƙaryatawa, dole ne ya fito da hujja daga cikin littafinsa, in ba haka ba ya yi asarar bayanin da zai samu.

Kyamarori 32

Domin wannan sashe na tambayoyi ya yi aiki, sai da masu wasan suka samar da wata fasaha da suka kira MotionScan. Ana zaunar da ɗan wasan kwaikwayo a wani ɗaki, kyamarori 32 suna ɗaukar fuskarsa ta kowace kusurwa, sannan kwamfuta ta haɗa hotunan ta fitar da fuska mai motsi kamar ta mai rai.

Fiye da 'yan wasan kwaikwayo 400 ne aka yi amfani da su. Aaron Staton, wanda aka sani a shirin talabijin na Mad Men, shi ne ya fito a matsayin Phelps.

A wancan lokaci ba a saba ganin irin wannan a wasan bidiyo ba. Ana iya ganin mutum yana haɗiye yawu, yana cije leɓe, ko idanunsa suna zamewa gefe. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kusan a kan wannan fahimta aka ɗora wasan baki ɗaya.

Masu yabon wasan sun ce wannan ne ya sa suka riƙa kallon mutanen cikinsa a matsayin mutane, maimakon abubuwan harbi. Da dama sun bayyana cewa 'yan uwansu da ba ruwansu da wasan bidiyo sukan zauna tare da su, ana gardama a kan ko matar da ke magana tana ɓoye wani abu.

L.A. Noire ya zama wasan bidiyo na farko da aka nuna a bikin fina-finai na Tribeca a birnin New York a 2011. A shafin Metacritic, wanda ke tattara makin da masu sharhi suka bayar, ya samu 89 cikin 100. Zuwa farkon 2012 an fitar da kwafi kusan miliyan biyar zuwa kasuwa.

To sai dai ko a nan ma an samu masu ƙorafi. Da yake daban aka ɗauki motsin fuska, daban aka ɗauki na jiki, wasu sun ce sai ka ga kamar an dasa kan mutum mai rai ne a kan gangar jikin mutum-mutumi.

Wasu kuma sun lura cewa 'yan wasan kwaikwayon kan wuce gona da iri wajen nuna alamar rashin gaskiya, musamman a binciken farko-farko. A cewarsu, mutum ba ya buƙatar basira kafin ya gane wanda ke zazzare ido yana waige-waige. Abin da kawai ake koya shi ne dabarar da wasan ya ɗana.

Rikicin maɓallin shakka

Babu abin da ya jawo ce-ce-ku-ce kamar zaɓi na biyu, wato na nuna shakka.

Mai wasan zai ji wata amsa da ba ta kwanta masa ba, sai ya danna maɓallin shakka da nufin Phelps ya ɗan ƙara matsa tambaya cikin natsuwa. Maimakon haka, sau da yawa sai Phelps ya daka wa mutumin tsawa, ya zarge shi da hannu a kisan, ko ya yi barazanar jefa shi a kurkuku. A wasu lokutan ma wanda ake yi wa wannan tsawa mutum ne da aka kashe wa mata ko uwa 'yan sa'o'i kaɗan da suka wuce.

Wannan ya sa da yawa daga cikin masu wasan suka ce ba su da iko a kan bakin mutumin da suke sarrafawa, har abin ya zama abin barkwanci a tsakaninsu.

Daga baya Mista McNamara ya yi bayanin musabbabin hakan. Ya ce lokacin da aka rubuta labarin aka kuma ɗauki muryoyi, sunayen zaɓin biyu na farko lallashi da tursasawa ne. Bayan an gama ɗauka ne aka sauya su zuwa gaskiya da shakka, amma maganganun da aka riga aka naɗa suka ci gaba da zama yadda suke. Ke nan mai wasan yana danna shakka, Phelps kuwa yana aiwatar da tursasawa.

A watan Nuwamban 2017, lokacin da aka sake fitar da wasan a kan na'urorin PlayStation 4 da Xbox One da Nintendo Switch, kamfanin Rockstar ya sauya sunayen zuwa ɗan sanda mai sassauci, da ɗan sanda mai tsanani, da kuma tuhuma.

Wasu sun yi maraba da gyaran, suna cewa yanzu aƙalla mutum ya san irin halin da Phelps zai nuna. Wasu kuwa na ganin an rufe wata ɓaraka ce aka buɗe wata. A ganinsu, tsofaffin sunayen suna tambayar mai wasa abin da ya fahimta game da amsar da aka ba shi, sababbin kuwa suna nuna kamar salon magana yake zaɓa, alhali har yanzu amsa ɗaya ce tak wasan yake karɓa a matsayin daidai.

Akwai kuma ƙorafin cewa wani lokaci hujjoji biyu ko uku a cikin littafin suna iya ƙaryata magana guda, amma wasan ɗaya kawai ya sani. Wanda ya yi tunani mai kyau ya zaɓi ta biyun, sai a ce masa ya faɗi.

Me masana suka gano?

Baya ga batun maɓallai, akwai masu sukar tushen da aka gina wasan a kai, kuma binciken masana halayyar ɗan Adam yana mara musu baya.

A shekarar 2006, wasu masana biyu na Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 206 da suka ƙunshi mutane fiye da 24,000. Sun gano cewa idan aka ce mutane su bambance gaskiya da ƙarya ta hanyar kallo da sauraro, suna dacewa ne a kashi 54 cikin 100 kawai. Wanda ya yi canki-canka ba tare da ya kalli kowa ba zai samu kashi 50.

Nazarin ya kuma nuna cewa waɗanda aikinsu ya shafi gano ƙarya ba su yi wa sauran jama'a wani fintinkau ba.

Kawar da ido, wanda shi ne babbar alamar da wasan ya dogara da ita, yana cikin abubuwan da jama'a a ƙasashe da dama suka yi imanin cewa maƙaryaci na yi. Amma bincike bai samu wata alaƙa mai ƙarfi tsakaninsa da ƙarya ba. Mai gaskiya na iya rawar murya saboda tsoron hukuma, ƙwararren maƙaryaci kuma ya kalli mutum ido cikin ido.

Al'ada ma tana da tasiri a nan. A ƙasar Hausa, yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba, ko matar da ta ƙi haɗa ido da baƙon namiji, ladabi da kunya suke nunawa. Da za a auna su da ma'aunin L.A. Noire, da an ɗauke su marasa gaskiya tun kafin su buɗe baki.

Masu kare wasan na cewa ai ba makarantar horar da 'yan sanda ba ce, nishaɗi ne da aka tsara bisa salon fina-finan Amurka na shekarun 1940, inda ɗan sandan ciki kan gane mai laifi da kallo ɗaya. Masu suka kuma na mayar da martanin cewa an tallata wasan ne da sunan kama da zahiri, don haka ba laifi ba ne a auna shi da zahirin.

Waɗanda aka kama bisa kuskure

Sashen kisan kai shi ne ya fi kowanne raba kan jama'a, kuma bayaninsa na buƙatar a fallasa wani ɓangare na labarin.

An jingina sashen ne da wani lamari na gaske, wato kisan gillar da aka yi wa Elizabeth Short, wata matashiya 'yar shekara 22 da aka tsinci gawarta a Los Angeles ranar 15 ga Janairun 1947. Jaridu sun yi mata laƙabi da Black Dahlia, kuma har yau ba a gano wanda ya kashe ta ba.

A cikin wasan, Phelps yana binciken kisan wasu mata ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane karo ana samun wani namiji da hujjoji suka nuna, a kama shi. Amma tun da wuri mai lura zai ga cewa kashe-kashen sun yi kama da juna ƙwarai, kuma sunan wani ma'aikacin mashaya na wucin gadi yana yawan fitowa. Shi kansa Phelps yana nuna damuwa a kan hakan, amma shugabanninsa suna son a rufe fayil.

A wani bincike da ya shafi wani ƙawataccen abin maƙalawa na zinariya mai siffar malam-buɗe-littafi, ana tilasta wa mai wasan ya zaɓi wanda zai tuhuma tsakanin mijin marigayiyar da wani mutum mai tarihin lalata da yara. Yawancin hujjojin mijin suke nunawa, amma shugaban sashen ya fi farin ciki idan aka tuhumi na biyun. Babu zaɓin cewa hujja ba ta isa ba.

A ƙarshe sai ta bayyana cewa dukkan waɗanda aka kama ba su da laifin kisan. Mutum ɗaya ne ya aikata su, kuma bayan Phelps ya harbe shi, sai aka binne maganar saboda ɗan uwan wani babban ɗan siyasa ne.

Ga wani rukuni na masu wasan, wannan cin fuska ne. Sun ce sun shafe sa'o'i suna tattara hujjoji, wasan yana ba su taurari biyar na yabo, sannan daga baya a ce musu duk aikin banza suka yi. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne sun riga sun gano gaskiyar, amma ba a ba su hanyar faɗin ta ba.

Ga wani rukunin kuwa, nan ne wasan ya fi yin ma'ana. A fahimtarsu, an so mai wasa ya ɗanɗana yadda jami'i mai kyakkyawar niyya kan zama makamin zalunci, idan hukumar da yake yi wa aiki ta fi damuwa da kanun labaran jaridu a kan gano gaskiya. Sun ce rashin jin daɗin da mutum ke ji yayin da yake tuhumar wanda zuciyarsa ba ta yarda ya yi laifi ba, shi ne saƙon.

Ba a faɗuwa

Wannan na da nasaba da wani ƙorafi da ya shafi wasan gaba ɗaya, wato kusan ba ya yiwuwa mutum ya gaza kammala bincike.

Idan Phelps ya matso kusa da wata alama, abin sarrafa wasan yana girgiza a hannu, a kuma ji ɗan sautin piyano. Idan an gama tattara alamomin wuri, kiɗan da ke tashi sai ya tsaya. Ko da mutum ya kuskure yawancin tambayoyin da ya yi, labarin zai nemo wata hanya ya kai shi ga wanda ake nema. Abin da zai rasa kawai shi ne yawan taurari. Hatta wuraren harbi da tseren mota, ana iya tsallake su bayan an faɗi sau uku.

Waɗanda ba su da gogewa a wasan bidiyo sun ji daɗin wannan sauƙi. Ana kuma iya kashe girgizar da sautin ga mai son wahala. Amma masu sha'awar warware sarƙaƙiya na cewa binciken da ba a iya faɗuwa a cikinsa yawon buɗe ido ne kawai.

Haka ra'ayi ya rabu a kan birnin kansa. An sake gina wani yanki mai faɗin kimanin murabba'in mil takwas na Los Angeles ta hanyar amfani da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama, abin da ya burge masu sha'awar tarihi. Waɗanda suka zo da tsammanin irin 'yancin da ke cikin Grand Theft Auto kuwa sun tarar da birni mai kyan gani da ƙarancin abin yi.

Ƙarshen labarin ma bai tsira ba. Mutane da yawa sun ce ba a shimfiɗa dalilin da ya sa Phelps, mai mata da 'ya'ya, ya faɗa soyayya da wata mawaƙiya Bajamushiya ba, lamarin da ya jawo aka rage masa matsayi. Wasu kuma ba su ji daɗin yadda aka karɓe shi daga hannunsu a binciken ƙarshe-ƙarshe aka ba su wani mutum daban, Jack Kelso, ba.

Wasannin da suka biyo baya

Wasannin bincike da suka yi fice bayan 2011 sun bi wasu hanyoyi na daban, kuma masu sharhi kan kwatanta su da L.A. Noire a duk lokacin da wannan muhawara ta taso.

A 2014 kamfanin Frogwares da ke Yukren ya fitar da Sherlock Holmes: Crimes & Punishments, inda mai wasa ke haɗa hujjoji da kansa, kuma yana iya kai wa ga sakamakon da ba daidai ba ya ɗora laifi a kan marar laifi. Alhakin kuskuren a wuyansa yake.

A 2015 wani Baturen Birtaniya, Sam Barlow, ya fitar da Her Story. Mai wasa yana zaune ne gaban wata tsohuwar kwamfutar 'yan sanda mai ɗauke da gajerun bidiyo 271 na wata mata da ake yi wa tambayoyi a kan ɓatan mijinta. Yana rubuta kalma, a nuna masa bidiyo biyar na farko da kalmar ta fito a ciki. Abin da ke tona asiri a nan shi ne saɓanin da ke tsakanin maganganunta, kuma babu mai ba da maki.

Sai kuma Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, wanda ya fito a 2018. Mai wasa jami'in inshora ne da aka tura wani jirgin ruwa da ya dawo Ingila a 1807 babu mai rai a cikinsa, aikinsa shi ne ya gano sunan kowane ɗaya daga cikin mutane 60 da ke ciki da abin da ya same shi. Fuskokin zane ne marasa motsi. Ana gane mutum ta hanyar harshensa, da tufafinsa, da wurin kwanansa, da waɗanda yake zama da su. Wasan ba ya tabbatar da amsa sai an dace da mutum uku a lokaci guda, domin a toshe ƙofar canki-canka.

Masu sha'awar irin waɗannan wasanni kan ce a cikinsu ne suka ji cewa su ne suka warware matsalar da ƙwaƙwalwarsu. Duk da haka, ko a cikinsu akwai masu amincewa cewa babu wanda ya kai L.A. Noire iya sanya mutum ya ji nauyin zama a gaban wanda ake zargi.

Makomar kamfanin

Kamfanin Team Bondi bai daɗe ba bayan fitar wasan. Makonni kaɗan da fitowarsa, wasu tsofaffin ma'aikata suka fito suka koka da tsawon sa'o'in aiki, kuma fiye da mutum 100 suka ce an cire sunayensu daga jerin waɗanda suka yi aikin. An rufe kamfanin a watan Oktoban 2011.

Fasahar MotionScan ma ba ta bazu ba, ganin cewa tana buƙatar ɗan wasan kwaikwayo ya zauna wuri ɗaya, yayin da sauran kamfanoni suka karkata ga hanyoyin ɗaukar fuska da jiki a lokaci guda.

A watan Disamban 2017 an fitar da wani nau'i na wasan mai bincike bakwai, wanda ake bugawa da na'urar da ake ɗaurawa a ido. Wani sabon kamfani da Mista McNamara ya kafa a Sidni, Video Games Deluxe, shi ne ya yi aikin. A watan Maris na 2025 Rockstar ya sayi kamfanin ya sauya masa suna zuwa Rockstar Australia, abin da ya sake tayar da fatan masu son a yi wa wasan kashi na biyu.

Idan har hakan ta faru, buƙatun da masu buga wasan suka fi nanatawa su ne a bar su su yi kuskure su ga sakamakonsa, a kuma ba su damar sallamar wanda ake zargi idan hujja ba ta isa ba.